SHARHI: Takin Yuriya Da Dashen Rake, Inda Ribar Manomi Ke Zurarewa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a cikin garin Bauchi, daga ƙarshen kaka har zuwa tsakiyar rani, ba zai rasa ganin dammunan rake a jingine ba, wasu daga fadamun jihar, wasu kuma daga jihohin maƙwabta. Sana'a ce mai riƙe da jama'a da yawa, tun daga manomi da mai sara da direban babbar mota, har zuwa dillali da mai turin baro da ke yanka shi gaɓa-gaɓa a bakin titi. A 'yan shekarun nan kuma masu hannu da shuni sun fara sanya ido a kan wannan noma, ganin yadda hukuma ke ta kiran a noma rake a gida domin rage shigo da sukari daga waje. Abin da wannan sharhi ke son jawo hankalin 'yan kasuwa a kai shi ne, yawan buhunan takin da aka zuba ba shi ke kawo riba a gonar rake ba. Lokacin da aka sa takin, da yadda aka sa shi, da irin dashen da aka yi wa gonar tun farko, su ne ke raba mai riba da mai asara.

Ya kamata a fara da duban girman kasuwar. Najeriya na shan sukari sama da tan miliyan 1.5 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan adadi daga waje ake shigo da shi ɗanye, akasari daga ƙasar Brazil, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal. Ba yau aka fara ƙoƙarin toshe wannan giɓi ba. Kamfanin sukari na Bacita a Jihar Kwara ya fara aiki tun shekarun 1960. Kamfanin Savannah da ke Numan, wanda ke shan ruwa daga madatsar Kiri a kan kogin Gongola, an kafa shi a 1971, daga baya aka sayar wa rukunin kamfanonin Dangote. A 1993 aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa, a 2012 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da babban shirin sukari na shekara goma, wanda ya ɗora wa masu matatu alhakin buɗe gonakin rake a cikin gida. A ƙarƙashin wannan shiri ne aka ƙaddamar da kamfanin Sunti a Jihar Neja a 2018. Shekara goman ta cika ba a kai ga wadatar da aka yi alkawari ba, aka sake sabunta shirin. Dalilan gazawar suna da yawa, akwai rikicin filaye, da ambaliya, da ƙarancin jari, amma akwai ɗaya da ba a cika ambatonsa a tarukan manya ba, wato ƙarancin abin da hekta guda ke bayarwa.

Rake shuka ce mai daɗewa a gona, takan yi wata 10 zuwa 12 kafin a sare ta, kuma tana da cin abinci da shan ruwa. Ruwan saman da ƙasar Bauchi ke samu bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, cikin wata biyar ko makamancin haka, alhali rake na buƙatar abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa nomansa ya tsaya a fadama da bakin kogi, kamar yankunan kogin Jama'are da na Gongola, ko inda ake da injin ban-ruwa. Daga cikin sinadaran da rake ke nema, naitirojin shi ne kan gaba, domin shi ke sa ganye ya yi kore, gindi ya fitar da 'ya'ya da yawa, kara ya yi tsawo. Manomi na ganin aikinsa da ido cikin kwanaki kaɗan, saboda haka ya yarda da shi fiye da kowane taki. A nan ne kuma kuskuren yake farawa.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 kacal, mai lamba 20-10-10 kuma kilo 10. Ɗan kasuwar da bai san wannan lissafi ba zai riƙa ƙirga buhu, alhali shukar sinadarin da ke ciki take ci. Idan malamin gona ya ce hekta na buƙatar kilo 120 na naitirojin, misali, to buhu biyar da 'yan kai na yuriya ke nan, amma da kamfa 15-15-15 kaɗai sai an zuba buhu 16 kafin a kai wannan adadi. Wanda ya haɗa biyun, kamfa a lokacin dashe domin saiwa ta samu fosfaras da fotash, yuriya kuma daga baya, shi ne ya kashe kuɗinsa bisa hankali.

Sai dai sayen takin wani abu ne, shigarsa cikin shuka kuma wani abu ne daban. Binciken masana a ƙasashen da ke noman rake ya nuna cewa sau da yawa abin da shukar ke sha daga naitirojin ɗin da aka zuba bai kai rabi ba. Hanyoyin zurarewarsa uku ne, kuma dukkansu suna nan a gonakinmu. Ta farko, idan aka watsa yuriya a bisa ƙasa aka bar ta a fili cikin zafin rana, takan narke ta koma iskar amoniya ta tashi sama. Ta biyu, a ƙasa mai yashi irin ta jigawa da bakin kogi, ruwan sama mai ƙarfi ko ban-ruwan da ya wuce kima kan zarce da sinadarin can ƙarƙashi inda saiwa ba ta kai. Ta uku, a fadama mai laka inda ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa kan mayar da shi iska ya fice. Manomin da ya watsa buhu shida a rana ɗaya, a watan Agusta, a fadamar da ruwa ya kwanta, zai iya yiwuwa kuɗin buhu uku ya watsa wa iska da kogi.

Maganin wannan ba boyayye ba ne, kuma ba ya buƙatar injin da za a yi odarsa daga waje. A raba takin kashi biyu ko uku. A sa shi a gefen layi, a ɗan tona a turbuɗe shi, ko a yi huɗa a rufe shi da ƙasa nan take, lokacin da ƙasar ke da danshi amma ba ta jiƙe sharkaf ba. Mafi muhimmanci, a gama sa naitirojin cikin wata uku zuwa huɗu na farko, lokacin da rake ke fitar da 'ya'ya yana shirin miƙewa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka abin yake ga rake. Yawan karan da hekta za ta bayar a farkon rayuwar shukar ake yanke shi.

Abin da ya fi asarar takin muni shi ne ɓarnar da yake yi idan aka makara. Rake na tara zaƙi ne lokacin da girmansa ya lafa, wato sa'ad da ruwa ya ja baya, sanyin hunturu ya shigo, abincin da ke ƙasa ya ragu. Allah Ya hore wa arewacin ƙasar nan wannan yanayi, domin bushewa da sanyin daren hunturu suna nunar da rake sosai. To idan aka ƙara masa yuriya a ƙarshen damina, sai ya ci gaba da fitar da ganye da sababbin 'ya'ya, kara ya cika da ruwa, zaƙi ya ragu, ya yi lami a baki. Irin wannan rake ya fi saurin kwanciya idan iska ta taso, kuma wanda ya kwanta yakan lanƙwashe, ya fitar da saiwa a gaɓoɓi, ɓera da tsutsa su samu hanya. Masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi da sauran wurare sun san wannan tun da daɗewa, domin ruwan raken da ya sha taki fiye da kima yakan ba da mazarƙwaila mai duhu, marar daskarewa da kyau, mai saurin jiƙewa a ajiya. A masana'anta kuwa, inda a bisa ƙiyasi tan 10 na rake ke ba da kimanin tan ɗaya na sukari, raguwar zaƙi ko da kaɗan ne asara ce babba, tun da kuɗin sara da lodi da dako da matsa duk a kan nauyi ake biyan su.

Mu koma kan dashe, domin taki ba ya gyara gonar da aka ɓata tun ranar farko. Hanyar da aka saba ita ce a yanka kara guntu-guntu, kowane da ido biyu ko uku, a jera su a kwarin kunya a rufe da ƙasa. Wasu manoman kan rake suke dasawa, kuma suna da hujja, domin idanun da ke sama sun fi saurin tsiro. Manyan gonaki kan bar tazarar mita 1.2 zuwa 1.5 tsakanin layuka domin taraktoci su samu hanya. Wannan hanya tana cinye iri mai yawa, tan 6 zuwa 8 ko fiye a kowace hekta, wanda da ba a binne shi ba da kuɗi ne a kasuwa. Bugu da ƙari, ba duk idanun ke tsirowa ba. Gara kan ci wasu, wasu su ruɓe, sai a samu giɓi a layi. Takin da ya faɗa a giɓi ciyawa ce ke cin sa. Saboda haka manomin da layinsa ke da giɓi ya yi asara sau biyu, ga iri ga taki.

Zurfin dashe ma abin lura ne. Raken da aka dasa a kwari mai zurfi, aka riƙa tura masa ƙasa a hankali yana girma, ya fi kafa saiwa, ya fi jure iska, kuma takin da aka sa masa yana zama kusa da saiwa a rufe. Wanda aka dasa sama-sama a ƙasa shimfiɗaɗɗiya yakan yi saurin tsiro amma ya faɗi da wuri. Haka nan lafiyar irin. Cutar burtuntuna ta rake da wasu cututtukan a cikin iri suke tafiya daga gona zuwa gona, kuma manomin da ke karɓar iri daga maƙwabci shekara da shekaru yana gadon cutar tare da irin. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, wadda ke da alhakin binciken rake, da cibiyar binciken sukari ta Jami'ar Ilorin, sun daɗe suna aiki a kan iri, amma tazarar da ke tsakanin Badeggi da fadamar Jama'are ta fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai.

A ƙasar Indiya, wadda ke bin Brazil a yawan noman rake, an yaɗa wata hanya daga 2009 wadda ya dace masu jari su dube ta. Ana ƙwaƙule ido ɗaya-ɗaya daga kara, a raine su a faranti mai ramuka kimanin wata guda, sannan a dasa tsiron a gona da tazara mai faɗi, kamar yadda masu lambu ke dasa tumatir da albasa. Irin da ake buƙata ya ragu ƙwarai, sauran karan kuma ya tafi kasuwa ko tukunyar mazarƙwaila. Tun da tsiron da ya rayu kaɗai ake dasawa, giɓi ya ragu, kuma ana iya sa taki a gindin kowace shuka. Faɗin tazarar kuma yana ba da damar shuka wake ko gyaɗa ko waken soya a tsakani kafin rake ya rufe, waɗanda ke kawo kuɗi da wuri, su kuma bar wa ƙasa ɗan naitirojin. Wannan hanya ba ta dace da kowa ba. Tsiron ba shi da guntun kara mai ruwa da zai jingina da shi, saboda haka duk wanda ba shi da tabbacin ban-ruwa a makonnin farko gara ya tsaya kan tsohuwar hanya. Amma ga mai rijiyar burtsatse ko injin ja daga kogi, rainon tsiron rake ma sana'a ce mai zaman kanta wadda matasan Bauchi za su iya kamawa.

Akwai kuma batun gyauro, wato raken da ke sake tohowa bayan sara. Ribar noman rake ta gaskiya a gyauro take, domin babu kuɗin sharar gona da na iri. Gyauro ya fi sabon dashe buƙatar naitirojin, kuma yana son a ba shi da wuri, da zarar an sare an gyara gindi. Al'adar ƙone ganyen rake bayan sara tana tura naitirojin ɗin da ke cikinsa sama tare da hayaƙi. Barin ganyen a tsakanin layuka yana riƙe danshi, yana danne ciyawa, amma fa manoman Ostireliya sun gano cewa yuriyar da aka watsa a kan irin wannan shimfiɗa ta fi saurin tashi, dole a tura ta ƙarƙashi. Brazil kuwa, wadda muke sayen sukarinta, ba ta yi fice da yawan zuba naitirojin ba. Tana dogara ne da iri mai kyau, da mayar da tarkacen masana'anta gona, da binciken ƙasa. A can ne ma masaniya Johanna Döbereiner da abokin aikinta suka bayyana a 1988 wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin jikin rake tana kama naitirojin daga iska.

Mai karatu na iya cewa duk wannan magana ta masana'anta ce, shi kuwa raken da ake sha a Bauchi kauri da tsawonsa ake saye, ba wanda ke auna zaƙinsa da na'ura. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma kauri da tsawo daga tazara mai kyau da ruwa da takin farko suke zuwa, takin ƙarshe ganye da ruwa yake ƙarawa. Mai sha kuma yana da harshe, dillali yana da tuni, garin da raken sa ya yi suna da lami farashinsa kan faɗi. Wani kuma zai ce tona rami da turbuɗe taki sau uku na cin kuɗin ƙwadago. Haka ne, sai dai a kwatanta ladan 'yan ƙwadago na yini biyu da kuɗin buhu biyu na yuriya, a ga wanda ya fi nauyi.

Wannan lissafi bai dami manomi ba a zamanin da hukuma ke sayar da taki da rangwame mai yawa. Shirin raya aikin gona na Gombe da aka fara a 1975, lokacin tana cikin tsarin da ya zama Jihar Bauchi, da shirin BSADP da ya game jihar daga farkon shekarun 1980, su ne suka koya wa manoma takin zamani, a lokacin da buhu ba ya da tsada. An janye tallafin a 1997, aka dawo da shi ta fuskoki daban-daban, har da rabon taki ta wayar salula daga 2012, da shirin shugaban ƙasa na haɗa taki a gida da aka ƙulla da Maroko a 2016. Ƙasar da a da ta dogara da kamfanin NAFCON na Onne, wanda ya tsaya cik a ƙarshen shekarun 1990, ta kai ga sayar da yuriya waje bayan buɗe masana'antar Indorama a 2016 da ta Dangote a 2022. Duk da haka yalwar ba ta kawo araha ba, domin farashin duniya yake bi. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga shi, janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023 kuma suka ƙara tsadar dako da ta ban-ruwa. Zamanin watsa taki ba lissafi ya wuce.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Mai jarin da ke son shiga noman rake ya fara da gwajin ƙasa da tabbatar da ruwa da neman iri mai lafiya kafin ya yi odar tirelar taki, ya kuma sa a rubuta masa ranar dashe da ranar kowane sa taki, kamar yadda yake rubuta shiga da fitar kaya a shagonsa. Dillalan taki su sani cewa dokar kula da ingancin taki ta 2019 tana kansu, kuma manomin da suka koya wa amfani da buhu huɗu ya ci riba zai dawo baɗi, wanda suka ɗora wa takwas ya faɗi ba zai dawo ba. Gwamnatin jiha, wadda ke da kamfanin haɗa taki nata, za ta fi amfanar masu rake idan ta ware wani abu daga kuɗin rabon taki ta ƙara malaman gona, ta buɗe gonakin rainon iri a yankunan fadama. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na da tsangayar aikin gona, ba abin da zai hana ta yin gwaji a gonakin manoma domin a san adadin da ya dace da laka da wanda ya dace da yashi, maimakon a riƙa aron adadin Bacita ko na Numan. Bankuna kuma su daina sakin bashin noma bayan lokacin sa taki ya wuce, domin bashin da ya makara shi ke tilasta wa manomi sa takin da zai ɓata masa amfani.

Daga ƙarshe, duk kamfanin da zai kafa masana'antar sukari ko ta mazarƙwaila a wannan yanki, ya ƙulla yarjejeniya da manoma a kan zaƙin rake tare da nauyinsa, kamar yadda ake yi a Brazil da Ostireliya. Muddin nauyi kaɗai ake biya, manomi zai ci gaba da cika kara da ruwa, masana'anta ta ci gaba da dakon ruwa. Ranar da aka fara biyan zaƙi, manomi da kansa zai nemi malamin gona ya tambaye shi yaushe ya kamata ya daina sa yuriya.